Ƙanwata ta dawo gida da goyo, ga awara ga son komawa makaranta: ta ina za mu kama?

Yayar Mai Goyo

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Ƙanwata shekararta 17. An yi mata aure tana aji biyu na babbar sakandare, zango ɗaya kawai ta yi a ajin. Auren bai yi ƙarko ba, an sake ta da ciki wata bakwai, ta dawo gidanmu a Mabera, cikin Sakkwato, ta haihu wajen Inna. Yaron namiji ne, yau makonsa goma, lafiyarsa lau, an yi masa allurar haihuwa da ta mako shida. Tun da ta yi arba'in ta kama yin awara kullum don ta samu na sabulu da na magani, saboda daga suna zuwa yau sau ɗaya uban yaron ya aiko da wani abu.

Shekaranjiya na kwana gida. Cikin dare na farka na gan ta zaune bakin katifa, yaron a cinya, ta ciro tsohon littafinta na lissafi daga ƙasan akwati tana dubawa da fitilar waya. Da na yi magana sai ta ce, "Yaya, ni fa karatuna nake so. Ko ungozoma in zama, ko malamar makaranta." Wallahi sai da na yi hawaye.

Ga yadda gidan yake: Inna tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Akwai autarmu mai shekara 12, tana ajin farko na ƙaramar sakandare. Ni ina aure a Runjin Sambo, sau biyu nake zuwa a mako. Baba bai hana ba, amma ya ce ba za a bar masa jariri yana tsala kuka a gida ba, kuma yana tsoron surutun mutane.

Yaushe ya kamata ta koma? Wace makaranta? Yaya za a yi da nono idan ta fita? Awarar kuma a bari ko a ci gaba?

Ungozoma, Arkilla

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya, ya ba ki ladan zumunci.

Kada ta ɗauki abu uku a rana ɗaya. Daga yanzu har yaron ya cika wata shida, shayarwa ce babban aikinta, karatu a gida, awara a rage. Fita ta yini guda ta jira. Amma shirin fitar yanzu ake fara shi, kuma farkonsa koyon tatsar nono.

Ta wanke hannu da sabulu, ta tanadi kofi mai murfi wanda aka wanke aka zuba masa tafasasshen ruwa ya bushe da kansa. Ta ɗora tsumma mai ɗumi a ƙirji na minti biyu ko uku. Sai ta sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, daidai bakin baƙin da ya kewaye kan nonon. Ta danna baya wajen ƙirji, ta matse, ta saki, ta sake. Ba jan kan nono ake yi ba, shi ne ke kawo tsagewa da zafi kuma ba ya fitar da komai. Ta riƙa zagayawa da yatsun, minti uku zuwa biyar a kowane ɓangare, tana canzawa, har minti 20 ko 30. Ranakun farko cokali biyu ko uku za ta samu, kada ta karaya, hannu ne bai saba ba. Da asuba ya fi zuwa.

Yawan da za ta bari: a ƙiyasta mililita 25 zuwa 30 ga kowace awa da ba ta nan. Fitar awa huɗu tana son 100 zuwa 120. Ku sayi sirinji mai mililita 20 a kemis don awo, ku raba nonon kofi biyu, 60 a kowane, domin abin da yaro ya sha ya rage ba ya wuce awa biyu sai a zubar.

Ajiya ce matsalar garin nan. Awa huɗun da ake cewa nonon da aka tatsa yana yi bai lalace ba, ta ɗaki mai sanyi ce. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, nonon da aka ajiye haka kawai a ba shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ƙaramar kula da ƙanƙara tana riƙe shi har kwana ɗaya, in dai ƙanƙarar ba ta narke duka ba. Firji yana riƙewa kwana huɗu, amma firjin da wuta ba ta yankewa. Wanda ake ɗauke wa wuta rabin yini, ku ɗauke shi a matsayin kula. In ba ko ɗaya, a sa kofin a rufe cikin kwanon ruwan randa a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, kuma duk da haka kada ya wuce awa huɗu. Za ku ga maiƙo ya taso sama, ruwa-ruwa a ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba, a juya shi a hankali. Ɗumamawa kuma, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta.

A ba shi da ƙaramin kofi, ba da fida ba. Fida tana da wuyar wankewa, a nan gudawa ke samun ƙofa. A zaunar da yaro a cinya kansa a sama, a kai bakin kofin kan leɓensa na ƙasa har nonon ya taɓa, shi zai lasa ya zuƙa. Ba a ɗura masa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: kunyar ɗan fari. Yarinya ƙarama a gidan iyayenta takan ji nauyin ɗaukar ɗanta ko ba shi nono a gaban Baba ko baƙi. Yaro ya yi kuka, ta kawar da kai, kaka ta ɗauka ta ba shi ruwa ko ɗan kunu ya yi shiru. Kwana goma ana haka sai nono ya ja baya, a ce ba ta da ruwan nono, alhali tsotso ne ya yi kaɗan. Ku ware mata ɗaki ko lungu mai labule, Inna da bakinta ta ce mata "tashi ki ba shi." Sau takwas zuwa goma sha biyu yake bukata a dare da rana. Ruwa, ko a tsakiyar bazara, uwa ce za ta sha, ba shi ba, har wata shida. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Ita kanta jikinta bai gama girma ba, ga shayarwa. A ƙara mata cin abinci sau ɗaya a kan na gida: wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi, hanta idan an samu, da awarar da take yi. Ta daina haɗa shayi da abinci, yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Ranar allurar yaro ta roƙa a auna jininta da hawan jini. Mai ƙarancin jini ba ta riƙe karatu, layi biyu sai barci, a ce mata raguwa.

In har yanzu ana dama mata kunun kanwa, a tsaya. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa yana da yawa a yankinmu, kuma yakan bayyana har watanni biyar bayan haihuwar. Kumburin ƙafa, haki daga ɗan aiki kaɗan, tari da dare, kasa kwanciya sai an tara filo: ranar da kuka ga wannan, ranar za ku kai ta asibiti, ko na Kwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Haka in fitsari yana zubo mata ba ta sani ba, Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha suna duba wannan. Sannan ki sa ido a kan zuciyarta ta ɗaya fuskar. Saki, haihuwa da barin makaranta duk a shekara ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne. Kuka ba dalili, ƙin abinci, rashin barci ko da yaro ya yi barci, ko ta ce ita ba ta da amfani, idan ya wuce mako biyu ciwo ne mai magani, ba shagwaɓa ba.

Lokacin allurar mako goma ya yi, ku je makon nan. Saura ta mako 14, sai bitamin A a wata shida, ƙyanda da shawara da sanƙarau a wata tara, ƙyanda ta biyu a wata 15. Ku rubuta ranakun a bango tun yanzu don kada su ci karo da jarrabawa.

Malamar Sakandare, Gawon Nama

Yaya, sannu da ƙoƙari. Na yarda da ungozoma a kan wata shida, kuma lissafin ya zo daidai: sabuwar shekarar karatu a Satumba take farawa, lokacin yaron ya fara cin abinci. Watannin da ke tsakani su ne na gyara takardu da gano inda karatunta ya tsaya.

Takardu tukuna, domin su ne ke kayar da mutane a ƙarshe. Ku nemo sakamakon jarrabawarta ta aji uku na ƙaramar sakandare, da katin sakamakon aji ɗaya da zangon da ta yi a aji biyu, da takardar canjin makaranta daga inda ta bari. Ta yi lambar NIN idan ba ta da ita, domin WAEC da NECO da JAMB duk suna nema. Ku zauna ku gwada suna da ranar haihuwa a kowace takarda, harafi da harafi. Abin da ke faruwa shi ne a rubuta sunan uba a makaranta, a rubuta sunan miji a NIN, ko a ƙara mata shekaru a wani wuri. Gyaran yana cin watanni, kuma ba a tuna shi sai rajista ta kusa rufewa. Ta tsaya a kan sunan mahaifinta ko'ina. Layin waya ma ya zama nata na kanta, kada ta yar da shi, saboda da shi za ta nemi lambar rajistar JAMB ta hanyar tura NIN zuwa 55019, kuma layin yana manne da rajistar har a gama neman gurbi.

Hanyoyin uku ne. Ta koma makarantar je-ka-ka-dawo ta 'yan mata ta shiga aji biyu daga farko. Ko ta shiga Cibiyar Ci Gaban Ilimin Mata da ke nan cikin Sakkwato, wadda aka kafa don matan da aure ko haihuwa ya katse wa karatu. Ko ta yi karatu a gida da darasin yamma ta zauna jarrabawar masu zaman kansu, ta NECO da ake yi wajen Nuwamba da Disamba, ko ta WAEC.

Ni ta biyun nake ba ku shawara ku fara dubawa. A makarantar 'yan mata za ta zauna da yaran da ba su san goyo ba, rigarta ta jiƙe da nono a tsakiyar darasi, a yi dariya, gobe ta ce kanta na ciwo. A cikin mata 'yan'uwanta wannan ba labari ba ne. Ku je da ƙafarku ku tambayi lokacin shiga da tashi, ko ana zuwa da goyo, ko akwai inda ake ajiye yara, da ajin da za su sa ta. Ku leƙa ofishin Hukumar Ilimin Manya ta jiha ma, ku ji ko akwai aji kusa da Mabera, saboda kuɗin Keke Napep na kullum shi ne ke cinye niyya a hankali.

Hanya ta uku tana da daɗin ji, amma tana da rami. Wadda ta yi zango ɗaya a aji biyu ba ta ga fiye da rabin manhajar ba. In kuka biya mata jarrabawar bana, kuɗin zai tafi, ta fito da sakamakon da zai sa ta ce ita ba ta da ƙwaƙwalwa. In wannan hanyar ce dole, to ta baɗi za ta nufa. Kuma kada wani ya ce ku kai ta aji uku kai tsaye: ɗaliban makaranta ana tura makinsu na aji ɗaya zuwa uku ga hukumar jarrabawa, giɓin yakan zama matsala.

Burinta ma yana da tasiri a kan zaɓin. Ungozoma tana bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Waɗannan ukun na ƙarshe ba a koyon su daga littafi kaɗai a ɗaki, suna son malami da ɗakin gwaji. In kimiyya ta yi a aji ɗaya, ta riƙe ta, ta shiga aji. Daga nan akwai kwalejin jinya, akwai ta kimiyyar lafiya a Gwadabawa. In koyarwa ce, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana nan cikin gari, kuma fannonin sun fi yawa. Wurare da dama suna karɓar sakamakon zaman jarrabawa biyu a haɗe, saboda haka faɗuwa darasi ɗaya ba ƙarshen magana ba ne.

Daga yau zuwa Satumba: ku samo tsohuwar takardar jarrabawar lissafi da Turanci ta aji uku na ƙaramar sakandare, ta yi a gabanki da agogo. In ta ci ƙasa da rabi, daga nan za ta fara, ba kunya. Zama biyu a rana ya isa, minti 40 kowane: ɗaya bayan sallar asuba idan yaro ya sha ya koma barci, lissafi a nan don kai na sabo, ɗaya bayan azahar. Ta riƙa karanta Turanci da ƙarfi minti 15 tana shayarwa, yaron ba zai ƙi ba. Karatun tsakar dare da fitilar waya ki hana ta. Mai tashi sau uku ba da nono in ta ƙara da wannan, mako uku za ta yi ta zube.

Idan ta fara zuwa aji, ku sa a ranku za ta yi fashi, yaro zai yi zazzaɓi, zai yi haƙori. Tun makon farko ta gaya wa malamar ajinsu halin da take ciki, ta kuma sami ƙawa ɗaya mai rubutu mai kyau da za ta riƙa ɗaukar mata hoton darasi. Fashin kwana biyu ba ya korar ɗaliba. Kunyar komawa bayan fashin ce ke korar ta, shi ya sa rana ta uku wani ya raka ta har ƙofa.

Yayar Mai Goyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kimiyya ta yi, kuma na duba, a katin asibiti sunan mijin aka sa, NIN kuwa ba ta yi ba tukuna, mun tsira. To awarar fa? In ta bari ba mu da kuɗin mota, in ta ci gaba ban ga inda lokacin zai fito ba.

Hajiya Mai Adashi, Ƙofar Rini

Ɗiyata, ki ƙirga awannin wagga sana'a da kyau. A jiƙa waken suya tun dare. Da safe a wanke a kai inji, a bi layi. A dawo a tace, a ɗora a wuta a tsaya kansa kada ya yi bori, a zuba ruwan tsami, a kwashe a matse a ɗora dutse, a jira ya kama jiki, a yanka, sannan suya da saidawa. Kwano ɗaya ma yana cin awa biyar zuwa shida, kuma ba aikin da ake ajiyewa a je a ba da nono ba ne, in madarar ta hau wuta sai an gama. Ga hayaƙi a ƙirjin jariri, ga mai tafasasshe. Kada ta kuskura ta yi suya da goyo a baya: ta duƙa ta ɗauki matsami, ƙafar yaro ta leƙo wajen kasko. In ya fara rarrafe kuwa, wajen wata bakwai zuwa tara, sai an kare murhun da benci ko turmi.

Ba na cewa ta bari, tunda ta yi masu saye. Ta mayar da ita kwana biyu ko uku, Juma'a da yamma, Asabar da Lahadi. Ko ta tsaya a ɗanya: ta yi ta matse ta sayar wa masu soyawa da gidajen da suka yi oda, ta huta da kasko da zaman jiran ciniki. Ribar ta ragu, amma rabin lokacin ya dawo. Dusar waken ma kuɗi ce, masu kiwo na saye, kada a zubar. Sauran ranakun ta riƙe abin da ba ya lalacewa kuma ana ajiye shi a tashi: ƙulla yaji, kuka da kuɓewa busassa, ɗinkin hula, ko kitso da lalle ranar da ba makaranta.

Kuɗin kuma gwangwani uku. Na farko uwar kuɗi, kuɗin wake da mai da itace da niƙa, ba a taɓa shi ko da wa ya zo. Na biyu na makaranta da mota. Na uku na yaro. Abin da ke kashe sana'ar cikin gida shi ne ci daga uwar kuɗi da bashin 'yan'uwa: wannan ya ɗauki ta ɗari, wancan ya ce in an jima, Baba ya yi baƙi a kwaso. Inna ta kafa doka, ko ke kika ci ki biya a gaban kowa. In za ta shiga adashi, ta shiga ƙarami wanda ko makon da ba ciniki za ta iya zubi, ta roƙi kwasarta ta faɗo wata ɗaya kafin biyan kuɗin jarrabawa.

Sai maganar mai riƙon yaro, wadda ita ce gaskiyar abin da Babanku ke faɗi. "Ai muna nan, za mu duba shi" ba shiri ba ne. A faɗi suna, a faɗi awa. Inna za ta iya da jaririn da ke kwance, amma mai ciwon gwiwa ba ta bin mai rarrafe yini guda. Ki mayar da zuwanki biyu su faɗo ranakun makaranta, kin ɗauke biyu ke nan. Sauran ukun Inna, tare da wata maƙwabciya amintacciya da za a riƙa ba wani abu duk mako, ko kuɗi ko awara, don ta ji nauyin abin. Kuma ina roƙonku da Allah, kada a ce auta ta yi fashi "yau kaɗai", kada a ɗora mata tallan awara. Haka ake fara shi, sai a wayi gari an mayar da ɗaya makaranta an ciro ɗaya. Autar ta taimaka bayan la'asar, awa ɗaya, shi ke nan.

In ya kai wata shida, ku yi masa garin kunu a gida: gero awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya, a soya kowane daban sama-sama, a surfe waken a fitar da ɓawo, a niƙa tare. A dama da kauri yadda zai zauna a cokali, ba tsararo ba. A fara da cokali biyu ko uku sau biyu a rana, ana ƙarawa. Wannan ne zai riƙe shi har uwar ta dawo, nono kuma ya ci gaba.

Malam, Tudun Wada

Baiwar Allah, akwai haƙƙin da kuke bari yana zuba. Ciyar da yaron, tufafinsa da maganinsa a kan mahaifinsa suke, ba a kan kaskon awara ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ce a ba matar da aka saka ladan shayarwa. Kada ku bar shi a "in ya samu zai aiko". Baba ko kawunku ya zauna da waliyyinsa, a yanka abu sananne duk wata, a sa rana, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Ku riƙa ajiye rasit na asibiti. In an yi zama biyu ba a cika ba, kotun shari'a tana yanka wannan, kuma neman haƙƙin yaro ba tonon asiri ba ne.

Wasu kan yi barazanar karɓe yaro in uwa ta fita makaranta. A mazhabar Malikiyya riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga. In ta auri wani bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta kafin kowa. Zuwa aji da barin yaro wajen kakarsa na 'yan awanni ba ya zubar da wannan haƙƙi.

Manema za su zo, yarinya ce. Duk wanda ya fito, a gaya masa maganar karatu a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, da wanda zai biya, da sunan makarantar, kuma ya fi kyau a jira ta riƙe takardar sakandare a hannu. Alkawarin zaure na "zan bar ta ta ci gaba" shi ne wanda aka fi saɓawa.

Shi kuma Baba, a yi masa magana da ladabi a tuna masa garin da yake. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu har cikin gidaje ga matan da aure da goyo suka riƙe. Mai surutu a kan ɗiyar da ta fita neman ilimi da hijabinta a Sakkwato, shi ne ke da bayanin da zai yi. Idan azumi ya zo kuma, mai shayarwa da ta ji tsoron cutuwar ɗanta tana da sauƙin ta sha ta rama, tare da ciyarwa a mazhabarmu; ta tambayi malamin unguwa yadda za ta fitar.

Yayar Mai Goyo

Malam, Allah ya ƙara ilimi, Kawu zai je ranar Asabar. Ungozoma, saura abu ɗaya. Na gaya wa Inna maganar tatsa, ta ce ita ba ta taɓa jin an ba ɗa nonon da ya bar jiki ba, wai ya zama tsami, kuma yaro ba zai ƙoshi ba.

Ungozoma, Arkilla

Kada ki yi gardama da ita, ke ɗiya ce, ba za ta ji daga bakinki ba. Ku tafi da ita allurar mako goma, ta ji daga ma'aikaciyar da ke auna yaron, ta ga an sa nauyinsa a kati da idonta. Sannan kofin farko ita za ta ba shi, uwar tana zaune a gefe, nonon da aka tatsa yanzu-yanzu da ɗuminsa, cokali biyu kawai. A zaɓi lokacin da yaron ya farka yana wasa, ba lokacin da yunwa ta sa shi kuka ba, domin mai kuka ba ya koyon kofi, zai ture, Inna ta ce kun gani. A yi haka sau ɗaya kullum na mako guda, sannan ƙanwarki ta fara fita ta awa ɗaya, ko zuwa inji ne, a ƙara zuwa biyu.

Maganar ƙoshi kuwa, ba Inna aikin ƙirga. Ta ajiye gwangwani kusa da shimfiɗarsa, duk fitsarin da ya yi ta jefa ƙwallon dabino ɗaya, daga asuba zuwa asuba. Shida ko fiye, fitsarin fari ba ja ba, yana samun abin da ya ishe shi. In ya gaza shida kwana biyu a jere, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ku kawo shi a ranar, da katinsa.